Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Feshin Da Muke Yi Shi Ke Zaɓar Wa Sauro Iri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wanda ya sake taso mini a farkon daminar bana, ranar da motar feshi ta ratsa unguwarmu da la'asar tana busa farin hayaƙi a kan kwatoci da ƙofofin gidaje, yara suna bin ta a guje, manya kuma suna sa wa waɗanda suka turo ta albarka. Na yi shekarun aikina ina duba-gari, na goya famfon feshi a bayana, na kuma koya wa na bayana yadda ake riƙe shi, saboda haka ba na cikin masu ƙin feshi. Abin da ya hana ni murna a ranar shi ne, da na tambayi matashin da ke riƙe da injin sunan maganin da aka zuba masa, bai sani ba, kuma wanda ya turo shi ma, da na same shi, iyakar abin da ya iya gaya mini shi ne magani ne mai ƙarfi. Bayan kwana uku sauro ya dawo kamar ba a yi komai ba, mutane kuma suka koma faɗin abin da ake faɗa a kowace majalisa yanzu, cewa sauron zamanin nan ya daina jin magani.

Maganar tasu gaskiya ce, sai dai yadda ake fahimtarta yana buƙatar gyara, domin a kan wannan fahimtar ake gina manufofin feshi. Yawancin mutane suna ɗauka sauro sabawa yake yi da magani kamar yadda harshe yake sabawa da yaji, alhali sauron da magani ya kama da kyau mutuwa yake yi, ba ya samun damar koyon komai. Abin da ke faruwa ya fi kama da zaɓen iri. Manomin da fari ya ƙone masa gero, ya tarar da 'yan zangarnu sun tsira, yakan ware su ya ajiye, baɗi ya shuka, kuma idan ya maimaita haka shekara da shekaru sai ya wayi gari da geron da ba ya tsoron fari. A cikin dubban sauro ma akwai 'yan ƙalilan da aka haifa da wani bambanci wanda yake hana guba kashe su. Wasu wurin da gubar take kamawa a jijiyarsu ne ya sauya siffa, kamar kwaɗon da aka canja har makullin ya daina buɗe shi. Wasu jikinsu yana samar da sinadaran da ke narkar da gubar kafin ta yi aiki. Wasu kuma fatar ƙafafunsu ce ta yi kauri har gubar ba ta ratsa ta da sauri. Idan aka yi feshi raunana su mutu, waɗannan su saura, su ne kuma za su haifi sauron gobe. Mai feshi, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne manomin da ke ware irin.

Abin da ya sa wannan zaɓen ya fi na gero sauri shi ne gajartar rayuwar sauro. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 50 zuwa 200 a lokaci guda, kuma a zafi irin namu ƙwan yakan zama balagaggen sauro cikin kwana 10 ko kusa da haka. Ke nan a inda ruwa ba ya yankewa, kamar fadamu da gonakin noman rani, abin da manomi zai jira shekara 20 kafin ya gani a gonarsa, sauro yana iya cim masa cikin shekara guda.

Mutane da yawa ba su san cewa game da babban sauron zazzaɓi na Afirka, a ƙasarmu duniya ta fara koyon wannan darasi ba. A 1954 aka soma wani gwajin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin Lardin Sakkwato na wancan lokaci, a yankin Birnin Kebbi, inda aka riƙa bin gidaje ana fesa wa bangon ɗakuna magungunan da suka fi ƙarfi a zamanin, wato DDT da diyaldirin da wani da ake kira BHC. Kafin 1955 ta fita, ma'aikata suka lura cewa a inda ake fesa diyaldirin sauron Anofilis gambiye, wato babban sauron zazzaɓin nan, ya daina mutuwa. An kwashi sauro daga Ambursa, garin da filin jirgin saman Jihar Kebbi yake a yanzu, aka kai shi ɗakin bincike a Landan, aka haɗa shi barbara da sauron da bai taɓa ganin magani ba, aka tabbatar cewa juriyar gado ce da ke bin zuriya. Bai cika shekara biyu ba maganin da aka ɗora wa buri ya tashi daga aiki a wannan yanki. A wannan shekarar ta 1955 ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na kawar da cutar daga doron ƙasa, wanda ya dogara a kan feshin DDT, kuma a 1969 aka jingine shi, bijirewar sauro tana cikin manyan dalilan. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin Ambursa shi ne, ko da yake an daina fesa diyaldirin tun da daɗewa, masu bincike suna ci gaba da samun wannan gadon a jikin sauron Afirka ta Yamma. Maganin da aka lalata ba ya dawowa don kawai an ajiye shi 'yan shekaru.

Da a ce magungunan suna da yawa, da abin ya zo da sauƙi. Waɗanda aka daɗe ana kashe balagaggen sauro da su dangi huɗu ne kacal: dangin DDT, dangin fairitiroyid, wanda shi ne a jikin gidan sauro mai magani da yawancin magungunan kunnawa da na gwangwani, dangin oganofosfet, wanda fiya-fiya yake ciki, da dangin kabamet. A cikin huɗun ma, DDT da fairitiroyid wuri ɗaya suke kamawa a jijiyar sauro, sauran biyun kuma su ma wuri ɗaya suke kamawa, saboda haka sauron da ya sauya wurin ya tsira daga dangi biyu a tashi ɗaya. Wannan ya sa sabon suna a jikin kwalba ba ya nufin sabon magani, kuma jami'in da ya ce bana an canja magani, alhali daga wani fairitiroyid aka koma wani fairitiroyid, bai canja komai ba a wajen sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa cikin ƙasashe 88 da suka miƙa sakamakon gwaji tsakanin 2010 da 2020, an samu sauro mai jure wa aƙalla dangi ɗaya a ƙasashe 78, a 29 kuma an samu juriya ga dukan huɗun. Sannan a duba abin da ke cikin hatsari: an ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 matakan yaƙi da cutar sun hana kamuwa da ita har sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara gidan sauro mai magani ne ya kawo ta. A duk waɗannan shekaru dangi ɗaya tak ake sa wa gidan sauro, wato fairitiroyid.

To, in dawo kan motar hayaƙi. Macen Anofilis, wadda ita ce ke kawo zazzaɓi, galibi cikin dare take cizo, a cikin ɗaki, kuma idan ta ƙoshi da jini sai ta sauka a jikin bango ko ƙarƙashin rufi ko bayan tufafin da aka rataye ta huta. Ba ta cika zuba ƙwai a baƙin ruwan kwata ba. Ta fi son ruwan sama da ya kwanta a rana, a kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, a sawun shanu, a ramin masu buga bulo, a gonar shinkafa. Wanda ya fi cika kwatoci shi ne Kuleks, mai hana barci, amma ba ya ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta mutane. Hayaƙin da ake busawa a titi da la'asar yana kashe abin da ya tarar yana shawagi a wannan lokacin ne kawai, ba ya barin komai a bango, kuma wadda ake nema tana ɓoye a lokacin. Shi ya sa a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ba ta ba da shawarar irin wannan feshi don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ba. Yana da muhallinsa, kamar lokacin ɓarkewar zazzaɓin dengi irin wanda aka samu a Sakkwato a ƙarshen 2023, domin sauron da ke kawo shi, Edis, da rana yake cizo, kuma ana buƙatar rage shi cikin gaggawa. Amma mayar da shi bikin shekara-shekara yana da illar da ba a gani a hoto. Gefen hayaƙin da iska ta tsinka, da abin da ya sauka a ruwan da ke kwance, suna shafar sauro da tsutsotsinsa da gubar da ba ta kai ta kashe masu ƙarfi ba, kuma sau da yawa abin da ke cikin tankin fairitiroyid ne, saboda shi ya fi araha. Wato da kuɗin jama'a ake dakushe kaifin gidan sauron da 'ya'yan jama'a suke kwana a ciki.

Feshin da ke rage zazzaɓi shi ne na bangon cikin ɗaki, kuma aiki ne mai wahala wanda ba shi da ƙawa. Sai an ƙidaya gidaje, an nemi yardar masu su, an fitar da kaya da abinci, an auna magani da ruwa daidai, mai feshi ya tsaya a tazarar da aka koya masa yana tafiyar da hannu da saurin da aka koya masa, domin kowane taƙi na bango ya samu rabonsa. Hikimarsa ita ce ƙwayar cutar tana buƙatar kimanin kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro kafin ta isa a zuba wa wani, macen kuma tana neman jini duk bayan kwana biyu ko uku. Idan duk lokacin da ta sauka a bango tana taka guba, da wuya ta kai wannan tsufan. Amma sai an fesa aƙalla kashi 80 cikin 100 na gidajen yanki, kafin damina ta kankama, sannan aikin yake yin tasiri. Na ga inda aka tsarma magani don ya isa unguwanni biyu maimakon ɗaya. Na ga inda aka tsallake gidajen kulle gaba ɗaya saboda ba a ɗauki mata a cikin ma'aikata ba, ba a kuma bi ta hannun mai unguwa da liman ba. Na ga inda aka fesa ɗakin ƙasa yau, mako mai zuwa maigida ya yi yaɓe saboda Salla ta ƙarato, babu wanda ya gaya masa cewa ya binne maganin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana barin sauro da rabin guba, rabin guba kuwa ita ce rariyar da ta fi kowace iya tace masu juriya.

Abin da ya faru a Afirka ta Kudu ya isa ya nuna nauyin shawarar da ake yankewa a ofis. Ƙasar ta yi shekaru da dama tana fesa DDT a bangon ɗakuna har cutar ta yi ƙasa sosai, sai a 1996 ta koma fairitiroyid. Ashe akwai wani sauro, Anofilis funestus, wanda DDT ya kora daga ƙasar tuntuni, amma yana nan a maƙwabta, kuma ya riga ya iya narkar da fairitiroyid. Ya dawo lardin KwaZulu-Natal, masu kamuwa suka yi ta ƙaruwa har suka haura 60,000 a ƙasar a shekarar 2000. Sai da aka kama sauron aka gwada shi sannan aka gane inda gizo ke saƙa, aka dawo da DDT a wannan shekarar, aka kuma canja maganin da ake ba marasa lafiya a 2001, cutar ta sauka. Ba ina kiran a dawo da DDT a ƙasarmu ba ne, domin sauronmu ya daɗe da bijire masa, kuma Yarjejeniyar Istokholm ta 2001, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a kan sinadarai masu guba da ke daɗewa a muhalli, ta taƙaita amfani da shi. Abin lura shi ne an canja magani ba tare da an san abin da sauron yankin zai iya jurewa ba, kuma an biya farashin da rayuka.

Haka nan farawa a tsaya yana da nasa haɗarin. A arewacin Yuganda an yi shekaru ana feshin bango a wasu gundumomi goma, cutar ta ragu ƙwarai, sai aka janye shirin a 2014, kuma a 2015 ta dawo da ƙarfi ta tarar da yaran da jikinsu bai saba yaƙi da ita ba. Mu ma muna da namu tarihin a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da babban bincike daga 1969 zuwa 1976. An fesa wani kabamet a ƙauyuka a 1972 da 1973 cikin tsari mai kyau, a wasu ƙauyukan an haɗa da raba wa jama'a magani, cutar ta ragu amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka tsaya ta koma yadda take. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a cikin ɗaki bayan ya sha jini, waje yake fita, saboda haka bai taɓa taka bangon da aka fesa ba. Wannan ma wani nau'in tsira ne da feshi yake iya fifitawa, domin idan aka kashe masu kwana a ɗaki, masu kwana a waje ne suke saura. Duk gwamnatin da za ta fara feshin bango, ya kamata ta san kuɗin shekara ta biyu da ta uku da ta biyar daga ina za su fito tun kafin ta sayi famfo na farko.

Akwai kuma mai feshin da ma'aikatar lafiya ba ta lissafa shi, kuma shi ya fi kowa yawan feshi, wato manomi. Magungunan da ake fesa wa wake da tumatir da auduga da shinkafa, da yawansu fairitiroyid ne ko oganofosfet, dangin da muke taƙama da su a yaƙin sauro. Ruwan da ya wanke su yana gangarawa ne zuwa inda tsutsar sauro take girma, sannan ga al'adar wanke famfo a bakin magudanar ban-ruwa. Tun a 1993 aka ba da rahoton Anofilis gambiye mai jure wa fairitiroyid a Kodebuwa, tun kafin a fara rabon gidan sauro gida-gida, kuma an danganta hakan da yawan amfani da maganin ƙwari a gonaki da gidaje. A nan gida, masu bincike daga Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsu sun wallafa a 2014 cewa sauron da suka tattaro a Auyo ta Jihar Jigawa da Bunkure ta Jihar Kano, yankunan noman rani duka biyun, yana da juriya mai ƙarfi ga DDT da fairitiroyid. Ban ga laifin manomi ba, domin wanda tsutsa ta cinye wa tumatir a 2016 ba za a ce masa ya naɗe hannu ba, kuma sau da yawa mai shagon magani ne kaɗai malamin gonar da yake gani. Laifin yana ga tsarin da ya bar ma'aikatar gona da ta lafiya kowace tana sayen maganinta ba tare da sun taɓa zama sun duba ko dangi ɗaya suke zuba wa ruwa ɗaya ba. Ko sabon maganin da aka amince da shi don feshin bango a 2017, wanda ake kira kulotiyanidin, danginsa sun daɗe a gonaki, har an riga an samu sauron da ba ya jin sa sosai a wani yankin noman lambu kusa da Yawunde a Kamaru.

A cikin gidajenmu ma muna taimakawa. Da mutane suka ga na kunnawa da na gwangwani sun rage ci, sai suka koma fiya-fiya da Sniper, ana yayyafawa a ɗaki a rufe ƙofa, wani lokaci ma a kwantar da yara kafin warin ya fita. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper da makamantansa saboda na gona ne, ba a yi su don ɗakin kwana ba, amma har yau ana samun su a faranti a bakin titi. Ban da cutar da suke yi wa mutum kai tsaye, suna cikin dangin oganofosfet, wanda yana cikin 'yan kaɗan da suka rage wa masu feshin bango a yankuna da yawa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne gwajin da zai nuna wane magani ne yake ci a wane yanki ba shi da tsadar da ake zato. Ana ɗebo tsutsar sauro daga kududdufai, a raine ta har ta balaga, a zaɓi mata masu kwana uku zuwa biyar waɗanda ba su sha jini ba, aƙalla guda 100, a zuba su cikin 'yan bututai da aka liƙa wa takarda mai ɗauke da adadin maganin da aka ƙayyade, su yi awa ɗaya, a fitar da su, bayan awa 24 a ƙirga matattu. Idan kashi 98 ko fiye suka mutu, maganin yana ci. Idan waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 ba, juriya ta tabbata. Jami'o'inmu suna da masu iya wannan aiki, Shirin Kawar da Zazzaɓin Cizon Sauro na Ƙasa yana da cibiyoyin sa ido a jihohi da dama, Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke Yaba a Legas ta daɗe a fagen. Matsalar ita ce sakamakon yakan tsaya a rahoton Turanci a Abuja, ba ya isa teburin shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisar da zai ba da kwangilar feshi a mazaɓarsa. Ina ganin bai dace a saki ko naira ɗaya ta feshi ba sai an haɗa takardar kwangilar da sakamakon gwajin sauron wannan yankin, kuma an rubuta sunan sinadarin da danginsa ƙarara, an nuna wa sashen lafiya na jiha ya sa hannu.

Tun a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin magance wannan matsala, kuma jigonsa manomanmu sun san shi, domin shi ne juya amfanin gona: bana wannan dangi, baɗi wani mai kama wuri dabam, don kada zuriya ɗaya ta samu shekarun da za ta mamaye fili. Tsarin ya kuma yi gargaɗin kada a fesa fairitiroyid a bango a inda jama'a suke kwana cikin gidan sauro mai fairitiroyid. Gaskiya ne sauran dangogin sun fi tsada nesa ba kusa ba, kuma a nan ne mai sayayya yake karkata zuwa mai araha ya ce ya yi tsimi, alhali maganin da ba ya kashe sauro ko kyauta aka ba da shi an yi asarar kuɗin ma'aikata da na mota da kuma yardar jama'a, wadda ita ta fi wuyar dawowa. Gara a fesa ƙananan hukumomi biyu da kyau, shekara bayan shekara, da a shafa wa ashirin don kowane ɗan siyasa ya samu rabonsa. A ɓangaren gidan sauro an samu ci gaba na gaske: akwai wanda aka haɗa wa wani sinadari mai suna PBO da ke hana sauro narkar da gubar, wanda aka amince da shi a 2017, akwai kuma mai ɗauke da kulofenafir, wanda yake kashewa ta wata hanya dabam, aka ba da cikakkiyar shawarar amfani da shi a 2023 bayan gwaje-gwaje a Tanzaniya da Jamhuriyar Benin. Ya kamata kowace jiha ta bayyana wa jama'arta irin wanda aka kawo mata da dalilin zaɓensa. Ina kuma roƙon iyaye kada jin labarin juriya ya sa su naɗe gidan sauro su ajiye, ko su kai shi shingen lambu, domin wanda bai yage ba yana tare cizo ko da maganinsa ya rage ƙarfi.

Wani baƙo kuma ya iso wanda zai ƙara wa lamarin nauyi. Anofilis istifensi, sauron Asiya mai son birni, an fara ganinsa a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta samu mutum 27 kacal masu cutar, zuwa 2020 kuwa sun haura 70,000. A 2020 ɗin aka gano shi a Jihar Gombe. Shi a tankin ruwa da duro da kwatarniya da ramin ajiyar ruwan masu gini yake hayayyafa, saboda haka rani ba ya hana shi, kuma a inda aka gwada shi a Habasha ya jure wa yawancin magungunan da ake da su. Motar hayaƙi ba za ta kai gare shi ba. Abin da zai kai gare shi shi ne rufe ma'ajiyar ruwa, da cike ramuka, da zuba maganin kashe tsutsa irin Bti, wanda daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa ake samunsa, ba ya kuma cikin dangogin nan huɗu. Wannan aikin duba-gari ne tun asali, gida-gida da ƙafa, kuma shi ne aikin da aka bari ya mutu a garuruwanmu da yawa.

Malam Edita, Najeriya ita kaɗai take ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa kashi 22 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada suna da ƙwayar cutar a jininsu, a Legas ƙasa da kashi 3, a Kebbi kuwa kashi 49, wato kusan rabin yaran jihar da Ambursa take ciki, shekaru sittin da ɗoriya bayan abin da aka gano a can. Shi ya sa da aka fara ba da allurar rigakafin cutar a Disamban 2024, Kebbi da Bayelsa aka fara kai wa, kuma muna godiya, amma allurar ba ta hana sauro cizo, an kawo ta ne ta ƙara a kan gidan sauro da feshi da maganin rigakafin da ake ba yara da damina. Roƙona ga wannan jarida shi ne, duk ranar da aka gayyaci wakilinku bikin ƙaddamar da feshi, ya tambayi sunan sinadarin da danginsa, ya tambayi yaushe aka gwada shi a kan sauron wannan yanki kuma kashi nawa ya mutu, ya tambayi bango za a fesa ko iska, ya kuma tambayi ranar zagaye na gaba da dangin da za a yi amfani da shi, sannan ku buga amsoshin yadda aka ba da su, har da waɗanda aka kasa bayarwa. Ina kuma roƙon ku nemi sakamakon gwajin sauro na jihohin Arewa daga hukumomin da ke riƙe da shi, ku wallafa shi da Hausa, jiha bayan jiha, kafin a zauna rubuta kasafin kuɗin baɗi.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon duba-gari,
daga Jihar Kebbi.